NEMAN MALAMIN FIYANO A YERWA: A FARA DA TAMBAYAR WANDA YA KOYA MASA

Duk baƙon da ya shiga unguwar Limanti ta birnin Maiduguri da sanyin safiya, abin da zai fara dukan kunnensa shi ne muryoyin almajirai suna biya allunansu a zauruka da ƙarƙashin itatuwan darbejiya. Unguwa ce ta limamai, kamar yadda sunanta ya nuna, tana cikin tsohon gari kusa da fadar Mai Martaba Shehun Borno, a birnin da Shehu Abubakar Garbai ya mayar da gadon sarautar Borno cikinsa a shekarar 1907. In kuwa ranar Salla ce ko ranar naɗin sarauta, wani sauti dabam ne ke cika wurin, watau na algaita da kakaki da babbar gangar nan da Kanuri ke kira ganga kura.

Amma fa a 'yan shekarun nan akwai sauti na uku wanda ya shiga ko'ina ba tare da sallama ba. Ana jinsa a cikin Keke Napep, da shagunan cajin waya, da gidajen biki, da tarurrukan siyasa. Wannan shi ne kiɗan fiyano, wanda kusan dukkan waƙoƙin Hausa na zamani suke tafiya a kansa. Samari da yawa sun lura cewa mai kaɗa shi yana samun abin sa wa a baki, ana kiransa biki, mawaƙa na bin sa har gida. Saboda haka sai ka ga yaro ya tara 'yan kuɗinsa na wata da watanni ya sayi fiyano na hannu, ya kawo ɗaki, sa'an nan ya tsaya yana kallonsa, domin bai san wanda zai koya masa ba.

A nan ne ake yin asara. Wani ya biya kuɗin wata shida gaba ɗaya ga mutumin da shi kansa waƙa uku kaɗai ya iya. Wani ya ƙarar da kuɗinsa wajen sayen data yana kallon darussa cikin waya, bayan shekara guda hannunsa na hagu bai san aikin komai ba. Wani kuma ya faɗa hannun abokan banza da sunan koyon kiɗa, ya jawo wa gidansu magana. Saboda haka zaɓen malami ba ƙaramin al'amari ba ne ga yaro da iyayensa.

YADDA ABIN YA ISO

Asalin fiyano daga ƙasar Italiya yake. Wani maƙerin kayan kiɗa mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙago shi a birnin Fulorans wajen shekarar 1700. Sunan kansa daga harshen Italiyanci ya fito, inda kalmar take nufin a hankali, domin abin da ya bambanta shi da kayan kiɗan da suka gabace shi shi ne, in an taɓa shi a hankali sai ya yi magana a hankali, in an buga da ƙarfi sai ya ɗaga murya. Cikakken fiyano yana da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, kuma a cikin akwatinsa na katako akwai tsirkiyoyin ƙarfe fiye da 200 waɗanda ƙananan guduma ke duka.

Irin wannan babban fiyano bai taɓa yawa a Arewa ba. Ban da tsadarsa da nauyinsa, bushewar iskar hunturu da zafin bazara irin na Borno suna fasa katakonsa, su sassauta tsirkiyoyinsa, ga shi masu gyaransa ba su da yawa. A Kudu ne ya samu gindin zama ta hanyar coci-coci da makarantun mishan, har aka samu mashahurai irin su Fela Sowande, wanda ya rasu a 1987, da Akin Euba.

Abin da Bahaushe ke kira fiyano a yau shi ne ƙaninsa mai aiki da lantarki, wanda waɗansu ke kira kibod, galibi mai maɓallai 61, ƙirar kamfanonin Yamaha da Casio na ƙasar Japan. Ya samu karɓuwa ne tare da finafinan Hausa. Bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, masu shirya finafinai sun bukaci waƙoƙi masu yawa cikin sauƙin kuɗi, sai suka ga cewa na'ura guda tana iya kwaikwayon sarewa da goge da ganga duka a hannun mutum ɗaya. Ɗakunan ɗaukar murya irin na Iyan-Tama a Kano suka ɗauki wannan hanya a cikin shekarun 1990, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi bayani a rubuce-rubucensa. Daga nan abin ya bazu zuwa waƙoƙin biki da na siyasa da na bege, ya kai Kaduna da Jos da Maiduguri, har Maraɗi da Damagaram.

INDA AKE SAMUN MALAMAI

Wanda ke neman malami a gari irin Maiduguri yana da ƙofofi huɗu da zai iya ƙwanƙwasawa, kowace da amfaninta da kuma iyakarta.

Ta farko ita ce ta masu kiɗan situdiyo. Su ne suka san abin da kasuwa ke so, sun san yadda ake bin muryar mawaƙin Hausa, kuma yaron da ya zauna da su zai ga aiki da idonsa. Sai dai da yawansu da ka suka koya, ba su da tsarin koyarwa, kuma aiki ya yi musu yawa. Yaro na iya shekara yana sharar ɗaki da sayo musu shayi, bai taɓa maɓalli ba sai in maigida ya fita.

Ta biyu ita ce ta masu kaɗa wa mawaƙan coci. Waɗannan sukan san tsarin nan na do, re, mi, sun saba aiki da hannu biyu, kuma da yawansu sun saba koyar da yara. Irin waƙoƙin da suka tashi da su dai sun bambanta da na dandalin biki, saboda haka wajibi ne ɗalibi ya faɗi abin da yake nema tun farko.

Ta uku ita ce ta 'yan badujala na soja da na 'yan sanda, musamman waɗanda suka yi ritaya. Su ne galibi suka fi iya karanta rubutaccen kiɗa, sun kuma san horo da kiyaye lokaci, ko da yake kayan busa suka fi ƙwarewa a kai.

Ta huɗu ita ce ta makarantu. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, ta daɗe da sashen koyar da fasahohi, kuma a can ne wani Bajamushe masanin kiɗa, Raimund Vogels, ya yi aikin tattara kaɗe-kaɗen Borno a ƙarshen shekarun 1980. Ko wanda ba ɗalibin jami'a ba ne yana iya tambaya a irin wannan wuri a nuna masa wanda ya san abin, domin matambayi ba ya ɓata.

MA'AUNIN MUTANEN GABAS

To, da wane ma'auni za a auna waɗannan mutane? Mutumin Limanti bai kamata ya yi nisa wajen neman amsa ba, domin tana ƙofar gidansa. Tun ɗaruruwan shekaru ƙasar Borno ta yi suna wajen karatu, har Hausawa ke cewa wane ya tafi gabas in ya fita neman haddar Alƙur'ani. Kalmar gwani ma, wadda ake faɗa wa duk wanda ya ƙware a sana'arsa, 'yar'uwar goni ce ta Kanuri. Karatun Allah dai ya fi ƙarfin a haɗa shi da kiɗa, nesa ba kusa ba. Abin da za a ara shi ne hikimar da mutanen gabas ke bi wajen zaɓen malami. Uban yaro ba ya miƙa ɗansa don kawai ya ji malam yana da daɗin murya. Sai ya tambaya a wurin wa ya yi karatu, su wa ya yaye, kuma yana zama ya saurari ɗalibi ya gyara masa ko kuwa bar shi yake yi da gardawa.

Makaɗan gargajiya ma haka suke. Mai algaita ba ya tashi dare ɗaya. Yaro yakan bi maigidansa shekaru yana ɗaukar kaya, yana sauraro, yana koyon yadda ake cika kumatu da iska ana shaƙa ta hanci ba tare da busa ta yanke ba. Marigayi Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a gidansu ya tashi cikin kiɗa, ya yi amshi a bayan magabatansa kafin ya zama shugaban ƙungiya. Kowane gwani yana da wanda ya tsaya a kansa ya ce masa nan ka yi daidai, nan ka kuskure.

Saboda haka tambayar farko ga malamin fiyano ita ce, wa ya koya maka? Wanda ya ambaci sunan malaminsa da girmamawa, ya faɗi inda ya zauna da shekarun da ya yi, alama ce ya san darajar koyo. Wanda ya koya da kansa kuma ya faɗi gaskiya, shi ma ba a raina shi, sai a wuce ga tambaya ta biyu, watau ina ɗalibanka? A nemi ganin yaron da ya yi wata shida a hannunsa. Hannun wannan yaro shi ne takardar shaidar malamin.

Akwai kuma takardun shaida na ainihi ga mai son su. Hukumar ABRSM ta birnin Landan, wadda aka kafa a 1889, tana shirya jarrabawar fiyano mataki takwas, kuma tun daga 2020 ta buɗe hanyar da ɗalibi zai ɗauki kansa a bidiyo ya aika a duba. A nan gida akwai ƙungiyar MUSON da aka kafa a Ikko a 1983, wadda ke da makarantar kiɗa a Onikan. Malamin da ya riƙe irin wannan takarda ya sha horo, amma takarda ba ta nuna ko yana da haƙurin zama da yaro.

GWAJI A ZAMAN FARKO

Ko wanda bai san komai game da kiɗa ba yana iya gwada malami a zama guda. Fiyanon lantarki yana zuwa da kaɗe-kaɗe da aka riga aka ajiye a cikinsa. Da an danna maɓalli ɗaya sai ganguna su tashi da kansu, mutum ya ɗora yatsa ɗaya a hagu, na'ura ta cika sauran. Wannan shi ke rufa wa mutane da yawa asiri. To, sai a roƙi malam ya kashe wannan kiɗa, ya kaɗa waƙa guda da hannuwansa biyu kawai. In hannun hagu ya tsaya cik, an gane inda aka kwana.

Na biyu, akwai wani maɓalli da ke ɗaga murya ko ya sauke ta ba tare da mai kiɗa ya sauya wurin yatsunsa ba. Makaɗa da yawa a wuri ɗaya kaɗai suka iya kiɗa, sauran aikin wannan maɓalli ke yi musu. A ce wa malam ya maimaita waƙar da ya kaɗa a sama kaɗan, da yatsunsa. Wanda ya iya wannan ya san hanyoyin fiyano ciki da waje, kuma ɗalibinsa ba zai ji kunya ba ran da aka ba shi na'urar da bai saba da ita ba.

Na uku, a lura da wanda ya fi taɓa fiyanon a lokacin darasi. In malam ne ke ta kaɗawa yaro na kallo yana gyaɗa kai, wasa aka zo kallo. Malamin kirki yakan zaunar da ɗalibi, ya duba tsawon kujerarsa, ya lanƙwasa masa yatsu kamar mai riƙe da lemo, ya hana shi ƙage wuyan hannu, ya ba kowane yatsa lambarsa daga 1 zuwa 5, sa'an nan ya sa shi maimaita layi ɗaya a hankali har ya zauna. Kafin a tashi kuma zai yanka masa abin da zai yi bita a gida, ya tambaye shi a zama na gaba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mugun riƙon da yatsu suka saba da shi a watannin farko yana da wuyar gyara.

BAƘAƘEN MAƁALLAI BIYAR

Akwai gwaji na huɗu wanda ya shafi ƙasar nan musamman. Duk wanda ya dubi fiyano zai ga baƙaƙen maɓallansa a jere suke biyu da uku, biyu da uku, watau biyar a kowane rukuni. Waƙoƙin Turawa galibi a kan sauti bakwai aka gina su, amma mafi yawan waƙoƙin gargajiya na Hausa a kan sauti biyar suke tafiya, kuma tazarar da ke tsakanin waɗannan baƙaƙen maɓallai ta yi kusa ƙwarai da tasu. Shi ya sa yaro kan yi mamaki in ya bi baƙaƙen kaɗai, sai ya ji abin ya yi kama da waƙar da kakarsa ke yi wajen daka.

Bugu da ƙari, Hausa da Kanuri harsuna ne masu karin sauti, inda hawa da saukar murya ke sauya ma'anar kalma. Kalangun da ke bayan marigayi Mamman Shata da kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos bin maganar mawaƙi suke yi, ba sa jan ta inda ba ta nufa ba. Mai fiyanon da bai san wannan ba sai ya tilasta wa mawaƙi ya karya kalma don ta dace da kiɗa, mai sauraro ya ji wani abu dabam. Don haka a rera wa malam wata tsohuwar waƙar gida da baki, a ce ya nemo ta a kan maɓallai. In ya saurara da kyau ya same ta ba tare da ya sāke mata kama ba, yana da kunne, kuma zai iya gina kunnen ɗalibinsa.

MALAMIN CIKIN WAYA

Yanzu kuma ga intanet ta zo da malamai dubbai. A YouTube akwai darussa kyauta tun daga matakin farko, kuma akwai malaman da ke koyarwa kai tsaye ta Zoom ko WhatsApp daga Legas ko Abuja ko ƙasashen waje. Ga yarinyar da iyayenta ba za su bar ta ta tafi situdiyo ba, ko yaron da ke unguwar da babu mai koyarwa, wannan babbar ƙofa ce.

Amma a san bambanci tsakanin bidiyon da aka ɗauka aka ajiye da malami mai rai. Bidiyo yana nunawa, ba ya ji, ba ya gani. Yaro na iya kuskure ɗaya sau ɗari, ba wanda zai tsayar da shi. Darasin kai tsaye ya fi, muddin an kafa wayar a sama yadda malam zai ga hannuwa biyu. Duk da haka murya takan yi ɗan jinkiri a hanya, saboda haka malam da ɗalibi ba za su iya kaɗawa tare a lokaci ɗaya ba, kuma ba mai kama yatsa ya gyara. Ga kuma matsalar harshe, domin yawancin darussan da Turanci ake yin su, a kan waƙoƙin da ba na nan ba.

Mutanen Maiduguri sun fi kowa sanin cewa waya da wuta ba abin dogaro ba ne ɗungum. A watan Mayu na 2013 an katse layukan waya a jihar na tsawon watanni saboda dokar ta-ɓaci. A watan Janairu na 2021 'yan ta'adda suka lalata turakun da ke kawo wuta daga Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu, kafin a buɗe tashar lantarki mai aiki da iskar gas a watan Maris na 2023. Wanda ya dogara da waya kaɗai, ranar da ta ɗauke karatunsa ya tsaya. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a haɗa biyun, a samu mutum a gari wanda zai duba hannun yaro ko da sau biyu ne a wata, a riƙa ƙarawa da darussan waya a tsakani. Kuma kada a aika wa wanda ba a taɓa gani ba kuɗin watanni kafin a yi darasin gwaji.

ABIN DA YA RAGE GA IYAYE

Malaman addini sun daɗe da saɓani a kan hukuncin kayan kiɗa, kuma a unguwa irin Limanti magana ce mai nauyi. Gidan da bai yarda ba, yaro ya bi iyayensa, kada ya koya a ɓoye. Gidan da ya yarda kuwa, wajibi ne uba ko yaya ya je ya ga malamin da idonsa, ya san gidansa da mutanen da ke zama wurinsa. A yi darasi a zaure ko tsakar gida inda jama'a ke gani, a kiyaye lokutan salla da na makaranta, in mace ce ɗaliba a samu wani nata a wurin. A yi ciniki a fili, a biya wata-wata.

Wajen sayen na'ura kuma a tafi da malamin. A nemi wadda maɓallanta ke jin nauyin yatsa, domin masu araha da yawa murya ɗaya suke fitarwa ko an taɓa a hankali ko da ƙarfi, alhali wannan bambanci shi ne ya ba fiyano sunansa. Wadda ke aiki da batir ta fi dacewa da halin da ake ciki. A yi hattara da kayan hannu, domin ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024 ta shiga gidaje da kasuwanni har da fadar Shehu, kuma na'urar da ta sha ruwa takan yi aiki yau ta mutu gobe. A danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya kafin a ba da kuɗi. Bayan haka sai naci, domin minti talatin kowace rana ya fi awa huɗu a rana guda.

Daga ƙarshe, malamin da ya cika malami zai tura ɗalibinsa ya je ya saurari na gaba da shi. Yaron Limanti yana da abin da ɗalibin Landan ba shi da shi, domin 'yan taku kaɗan ne tsakaninsa da masu algaita da ganga kura na fadar Shehu. In ranar Salla ta zo, ya tsaya a Dandal ya buɗe kunnensa, ya ji yadda busa ke bin kirari, da yadda ganga ke amsa mata, sa'an nan ya koma ɗaki ya nemi abin da ya ji a kan maɓallansa. Allah ya haɗa kowane mai nema da malamin kirki, amin.